Ɗan Cin Rani Daga Turai A Tsakar Gidajen Lafiya

Matafiyin da ya baro Akwanga ya nufi kudu, in ya wuce duwatsun Eggon ya sauko Shabu, to, ya iso bakin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Idan a watan Nuwamba ne, zai tarar ruwan sama ya ɗauke, ciyawa ta fara ja, hazo ya soma sauka da safe, motoci kuma na ta lodin doya da riɗi da agushi zuwa kasuwannin kudu da arewa. A wannan lokaci ne garin ke cika da baƙi 'yan cin rani, wasu da kura ta ruwa, wasu da akwatin gyaran takalmi, wasu kuwa leburancin gini ya kawo su. Kowa ya san da zuwansu, kowa kuma ya san da damina ta kawo kai za su koma gonakinsu.

Amma akwai wani ɗan cin ranin da ke sauka a garin tare da su, wanda ya fi su duka nisan gida, ga shi kuwa ba safai ake lura da shi ba. Ba ya biyo tasha, ba ya sallama a zaure. Da dare yake isowa, gari na wayewa sai a gan shi cikin mangwaron tsakar gida yana leƙen ganye ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan tsuntsu ne wanda goro babba ɗaya ya fi shi nauyi, amma ya ƙetare teku da hamada, tafiyar fiye da kilomita 5,000, kafin ya sauka a wannan reshe.

Garin Matafiya

Lafiya dai tun asali garin matafiya ce. Tarihi ya nuna Muhammadu Dunama da jama'arsa, Barebari ne daga Barno, su suka kafa sarautar garin a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa har yau akan ce Lafiyan Barebari. Sun zauna tare da Alago da Gwandara da Migili da Eggon, daga baya Hausawa da Fulani da Tibi da sauran ƙabilu suka ƙara yawa. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, fatake na bin hanyar Loko zuwa bakin kogi. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta gabas, wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Makurɗi zuwa Kafancan, sai ta ratsa ta Lafiya. Ran 1 ga Oktoba, 1996, aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, Lafiya ta zama hedkwatarta. Sarki Isa Mustapha Agwai ya riƙe sarautar garin daga 1974 har rasuwarsa a 2019, sa'an nan Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, ya gaje shi.

Ƙasar Lafiya tana tsakanin dajin kurmi na kudu da saharar arewa. Ruwa kan fara a Afrilu ya kai Oktoba, saboda haka itatuwanta ba sa kaɗe ganye ƙaf kamar na can arewa. A tsofaffin unguwanni, da ma sababbi irin su Bukan Sidi da Tudun Gwandara, da wuya a shiga gida ba a sami mangwaro ko gwaiba ko lemo ko kashu ba, a bayan gari kuwa ga ɗorawa da kaɗanya da maje da ƙirya da ɓaure. Wannan ni'ima ta ganye a tsakiyar rani ita ce ke janyo baƙon da ake magana a kansa.

Sunansa Da Kamanninsa

Yawancin mutane in sun ga irin waɗannan ƙananan tsuntsaye sai su ce tsuntsu kawai, su wuce. Masana kuwa sun ba wannan suna Phylloscopus trochilus. Kalmar farko daga harshen Girka take, ma'anarta mai duba ganye, kuma sunan ya dace da shi ƙwarai, don haka a nan za a kira shi leƙa-ganye.

Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya wajen santimita 11 ne, wato bai kai gwara ba. Nauyinsa a galibin lokaci giram 8 zuwa 10 ne, kamar dunƙulen Maggi biyu ko uku. Bayansa kore-kore ne mai sirkin ruwan ƙasa, cikinsa fari-fari, maƙogwaro da ƙirji kuma da ɗan ruwan ɗorawa. 'Yan bana, wato waɗanda aka ƙyanƙyashe a wannan shekara, sun fi manya ruwan ɗorawa sa'ad da suka iso. Bakinsa siriri ne, gajere, miƙaƙƙe, irin na mai cin ƙwari.

Alamu uku ne suka fi taimakon mai son ya tabbatar da shi. Ta farko gira: yana da wani ɗan layi mai haske da ya taso daga gindin baki ya bi ta saman ido, a ƙarƙashinsa kuma wani layi mai duhu ya ratsa ta cikin idon. Ta biyu ƙafa: galibi ruwan ƙasa ce mai haske, kamar launin busasshen kara. Ta uku fiffike: in ya naɗe shi, dogayen gashin bakin fiffiken sukan zarce sosai zuwa wajen wutsiya. Dogon fiffike kuwa alamar mai doguwar tafiya ce.

Sa'an nan sai hali. Leƙa-ganye ba ya zama wuri ɗaya. Daga wannan reshe sai wancan, ya leƙa ƙarƙashin ganye, ya tsinci 'yar tsutsa ko ɗan gizo-gizo ko ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ganye, wani lokaci ya tsaya cikin iska yana kaɗa fukafukai ya cafke abin da ke bakin reshe. Ba ya sauka cin tsabar da aka watsa wa kaji, ba ya kuma shiga garken gwara. Sau da yawa shi kaɗai ake ganinsa, ko kuwa yana bin ayarin wasu ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari daga bishiya zuwa bishiya.

Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Ido kaɗai kan yaudari mutum a wannan sha'ani, domin ganye na ɓoye tsuntsu, hasken rana kuma na sauya launi. Nan ne kunne ke da amfani. Kukan leƙa-ganye na yau da kullum wani ɗan fito ne mai taushi, mai gaɓa biyu, ta biyun ta ɗan haura sama, kamar mai cewa "hu-it". Wanda ya riƙe wannan ɗan fito zai riƙa sanin baƙon na nan tun kafin ya gan shi.

Yana kuma da waƙa, wadda yakan rera ta jefi-jefi a nan Afirka, musamman daga Fabrairu zuwa Maris in lokacin komawa ya matso. Takan fara da siririyar murya a sama, ta riƙa gangarowa a hankali kamar ruwa na sauka daga tudu, ta ƙare a ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ita ce waƙar da mutanen Ingila da Jamus da Suwidin ke ji a Afrilu su san sanyi ya wuce.

Abin lura shi ne, da kunne aka fara rarrabe wannan tsuntsu da 'yan'uwansa. Wani limamin coci na ƙauyen Selborne a kudancin Ingila, Gilbert White, ya shafe shekaru yana sauraron tsuntsayen lambunsa da na dajin ƙauyensu. A littafinsa na 1789 ya nuna cewa abin da mutanen zamaninsa suka ɗauka tsuntsu ɗaya ne, ashe iri uku ne, kowanne da waƙarsa. Ba shi da na'urar ɗaukar hoto ko ta ɗaukar murya. Haƙuri ne da yawan zama gindin bishiya suka kai shi ga wannan sani, su kuwa ba su fi ƙarfin kowane mai gida a Lafiya ba.

Masu Kama Da Shi

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Akwai tsuntsaye da dama a tsakar gidajen Lafiya da za su iya rikita mai koyo, wasu baƙi ne, wasu 'yan gida.

A cikin baƙi akwai ɗan'uwansa na kusa, Phylloscopus collybita, mai baƙar ƙafa da gajeren fiffike, mai yawan kaɗa wutsiya ƙasa. Shi galibi yakan tsaya a ƙasashen bakin Bahar Rum da gefen hamada, ba safai yake gangarowa har kwarin Binuwai ba. Akwai Phylloscopus sibilatrix, wanda maƙogwaronsa ruwan ɗorawa ne shar, cikinsa fari fat, shi kuma wucewa yake yi zuwa kurmi. Akwai Hippolais polyglotta, wanda ya ɗan fi leƙa-ganye girma, cikinsa duk ruwan ɗorawa, bakinsa ya fi tsawo da kauri, kuma ba shi da layin nan mai duhu da ya ratsa ido. Akwai Sylvia borin, mai kaurin jiki, ruwan ƙasa-ƙasa, wanda babbar alamarsa ita ce rashin wata alama: ba gira sosai, ba zane, sai baƙin ido a fuska fili. Shi yana son 'ya'yan itace, don haka a kan ɓaure aka fi samunsa. Sai kuma mai farin maƙogwaro, wanda fukafukansa ke da ja-ja, shi kuwa a ƙananan sarƙaƙƙiya da shingen gona yake zama.

A cikin 'yan gida, waɗanda ke nan rani da damina, akwai wani mai jiki ruwan toka da koren fiffike, mai ɗaga wutsiya sama, wanda kukansa ya yi kama da na ɗan akuya, a ƙasa-ƙasa cikin duhuwa yake yawo. Akwai mai doguwar wutsiya siririya wadda yake karkaɗawa, mai son ciyawa da shinge. Akwai wanda kusan ba shi da wutsiya sam. Akwai wani ɗan ruwan ɗorawa mai farin zobe kewaye da ido, kamar an zana masa da alli. Sa'an nan ga matan tsuntsayen nan masu shan ruwan fure, waɗanda launinsu ya yi kusa da na leƙa-ganye, amma bakinsu dogo ne lanƙwasasshe.

Saboda haka mai duba sai ya bi tambayoyin nan bi da bi: Wane wata ake ciki? Bakin miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe? Akwai gira? Wane launi ne ƙafar? Wutsiyar fa? A sama yake kiwo ko a ƙasa? Yaya kukansa? In a Yuli ne ko Agusta, to, kusan tabbas ɗan gida ne, domin a lokacin baƙon yana can ƙasarsu. Lokacin da ya fi kyau a duba shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, mutum ya ba rana baya don haske ya faɗa kan tsuntsun. Madubin hangen nesa na da amfani in an samu, in kuwa babu, tabarma da natsuwa sun isa a fara.

Yadda Yake Zuwa

A watan Mayu da Yuni leƙa-ganye na can Turai da arewacin Asiya yana sheƙa. A ƙasa yake yin ta, cikin ciyawa, mai rufi kamar ɗan bukka, a shimfiɗe ta da gashin tsuntsaye, macen ta saka ƙwai kamar shida. Kafin ƙarshen Agusta 'ya'yan sun girma, kwana ya fara gajarta, ƙwari sun fara ƙaranci, sai tafiya. Waɗanda ke sauka Afirka ta Yamma galibi na yammacin Turai ne, ta Faransa da Sifen suke biyowa. A tsakiyar Suwidin akwai wata iyaka da ido ba ya gani: na kudu da ita su nufo Afirka ta Yamma, na arewa da ita su bi gabas zuwa gabashi da kudancin Afirka. Na can ƙarshen Saberiya kuwa sukan yi tafiyar wajen kilomita 12,000 zuwa ɗaya.

Da dare suke tashi. Ɗan bana ba ya bin uwa ko uba, shi kaɗai yake kama hanyar da bai taɓa bi ba. Bincike ya nuna irin waɗannan tsuntsaye na amfani da taurari, da wurin faɗuwar rana, da kuma maganaɗisun duniya wajen gane alƙibla. Wani masani Bajamushe, Eberhard Gwinner, ya tsare wasu a keji tun cikin shekarun 1960, a ɗakin da tsawon dare da rana ba ya sauyawa, amma duk da haka in lokacin tafiya ya yi sai su kasa barci, su yi ta kaɗa fukafukai. Ashe kalandarsu a jikinsu take.

Babban haɗari shi ne Sahara, wadda faɗinta a wasu wurare ya kai kilomita 2,000. Guzurin tsuntsu kitse ne. Kafin ya shiga hamada sai ya ci ya tara kitse a ƙarƙashin fata, irin su Sylvia borin ma sukan kusan ninka nauyinsu. Binciken da aka yi da na'urar rada a Muritaniya ya nuna yawancinsu tashi suke yi da dare, da rana su sauka su fake a inuwar dutse ko ɗan tsiro, ba ci ba sha, har su fita. Wanda kitsensa ya ƙare kafin hamada ta ƙare, to, nan zai tsaya. Wanda ya tsira shi ne ke bayyana a Nijeriya daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ya riƙa gangarowa kudu yayin da arewa ke bushewa.

A nan yakan yi wani abu da ba a cika samu ga sauran tsuntsaye ba. Ya riga ya sake gashin jikinsa duka a Turai kafin ya taso, sa'an nan ya kuma sake shi duka a Afirka cikin rani. Wato fukafukan da zai koma gida da su a Maris ko Afrilu, ƙwarin itatuwan nan ƙasar ne suka gina su.

Manomin Hausa ya daɗe da sanin shamuwa, ya san in ta iso ta fara sheƙa a kan itatuwan gari damina ta kusa. Shamuwa 'yar Afirka ce, tsakanin arewa da kudancin nahiyar take kai da kawowa. Abin sha'awa, lokacin da take barin ƙasar Hausa a kaka shi ne lokacin da leƙa-ganye ke isowa, lokacin da shi kuma ke shirin komawa shi ne lokacin da ake fara duban sama ana jiranta.

Yadda Aka Gano

Turawan da ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi ba, har wasu na cewa cikin taɓo suke shiga su yi barci. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyansa, ya yi tafiya da shi tun daga nan. Har yau yana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun a wani wuri ya aiko da labari. Wannan dabara ita ake bi har gobe, ga kuma 'yan ƙananan na'urori da ake goya wa tsuntsu su rubuta hanyar da ya bi.

Nijeriya na da rabo babba a wannan ilmi. An kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya a 1964. A 1967 wata tawagar masana daga Ingila ta sauka Malam Fatori, a bakin Tafkin Chadi, ta riƙa kama tsuntsaye masu komawa arewa tana auna su, ta ga yadda suke tara kitse kafin su faɗa hamada. Wato ƙasar Barno, inda kakannin sarakunan Lafiya suka fito, zango ce babba a hanyar waɗannan matafiya. A 1972 littafin Reginald Moreau ya ƙiyasta tsuntsayen da ke shigowa Afirka daga Turai da Asiya kowace shekara sun kai miliyan dubu biyar. Wani ƙiyasi na 2009, wanda ya tsaya ga ƙananan tsuntsayen Turai, ya ba da miliyan dubu biyu da ɗari ɗaya, leƙa-ganye kuwa shi ne kan gaba a yawa.

Kusa da gida, a 2001 aka kafa Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a gabashin Jos, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Ta horar da 'yan Nijeriya da na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma masu yawa. Daga nan ne a 2015 aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai na rubuta tsuntsayen da suka gani a ciki su aika ta wayar hannu. Wannan aiki ba sai mai digiri ba. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka buɗe a 2011, ko malamin firamare, ko uwar gida da ta san itatuwan gidanta, kowa na iya rubuta ranar da ya fara ganin baƙon da ranar da ya daina.

Abin Da Ke Cikin Haɗari

Mai karatu zai iya cewa, to, mene ne ruwan mutum da ɗan tsuntsun da ko miya ba zai yi ba? Ga abin da ya faru a 1969. Da bazarar Turai ta zo a wannan shekara, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wajen kashi uku cikin huɗu na mai farin maƙogwaro bai dawo ba. Da aka bi sawu sai aka gano ƙarancin ruwan sama na 1968 a ƙasashen gefen hamada ne ya hallaka su. Wannan fari shi ne ya ci gaba har ya kai ga bala'in 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya tagayyara jama'a a Nijar da arewacin Nijeriya. Tsuntsaye sun ba da labari tun kafin duniya ta farga. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Shi ma leƙa-ganye ƙidayar Ingila ta nuna ya ragu ƙwarai a kudancin ƙasar tun daga shekarun 1990, alhali a Sukotlan ya ƙaru. Dalilan na da yawa, wasu a can, wasu a hanya, wasu a nan. Abin da ya shafi nan shi ne bishiya. Duk mai bin hanyoyin Jihar Nasarawa yana ganin buhunan gawayi jere a bakin titi, kuma itatuwa masu ƙarfi irin su ƙirya da kaɗanya su ake fara sarewa. A cikin gari kuwa, filin da da yake da mangwaro uku yanzu an yanka shi an yi shaguna da ɗakunan haya, tsakar gida an malale ta da siminti. Ga maganin ƙwari da ake fesawa ba awo, ga ƙunar daji, ga yara da danƙo.

Kuma ba kowace bishiya ce ke ciyar da baƙon ba. Binciken da Leo Zwarts na ƙasar Holan da abokan aikinsa suka yi a ƙasashen gefen hamada ya nuna tsuntsayen Turai sun fi taruwa a itatuwan asali masu ƙaya, irin su gawo, amma ba su cika kula dogon yaro ba, domin ƙwari ba sa zama a cikinsa sosai. Dogon yaro na da inuwa da magani, ba a raina shi ba, amma garin da ya sare itatuwansa na gado ya bar shi shi kaɗai ya rage wa tsuntsaye abinci.

Nijeriya na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Bonn ta 1979 kan kare dabbobi masu ƙaura. Amma yarjejeniya ba ta dasa bishiya a tsakar gidan kowa. Wannan aikin mai gida ne. In zai yi gini, ya bar bishiya ɗaya ko biyu. In zai dasa, ya haɗa da ɗorawa ko ɓaure ko tsamiya inda fili ya samu. Kada ya fesa magani sa'ad da mangwaro ke fure a Disamba da Janairu, domin lokacin ne ƙwari ke taruwa, tsuntsaye kuma na rage masa masu ɓarna kyauta. A ajiye ɗan kasko da ruwa a inuwa cikin zafin Maris. Yaron da ke da danƙo kuwa, maimakon tsawa, a nuna masa girar tsuntsun da ƙafarsa, a gaya masa daga inda ya fito. In an tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, a rubuta lambar da ranar da wurin, a sanar da masana na Jos.

Lafiya ta girma ne saboda ta karɓi Babarbare da bafatake da ɗan cin rani, ta ba su masauki. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wannan ƙaramin baƙo watanni biyar ko shida yake yi, ba ya taɓa hatsin kowa, abin da yake nema reshe mai ganye kawai. Idan Maris ya yi aka ji wata siririyar waƙa na gangarowa daga kan mangwaro da sassafe, to, sallama ce yake yi, Sahara na gabansa. Ko zai sami bishiyar in ya dawo a Oktoba, wannan yana hannun masu gida. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu bar wa 'ya'yanmu inuwar da muka tarar.